Tef, sikeli da tumbi: yadda sojan Amurka ke auna kitsen dakarunsa

Baba Saje: Assalamu alaikum jama'a. Tun da sakataren tsaron Amurka Pete Hegseth ya tara janar-janar a sansanin soja na Quantico ranar 30 ga Satumba 2025 ya ce kowane soja, daga kurtu har janar, sai an auna tsawonsa da nauyinsa sau biyu a shekara, ake ta yawo da maganar kamar jiya aka fara ta. Ba jiya ba ce. Sojan ƙasa na Amurka suna da doka guda a kan wannan, lambarta AR 600-9, kuma ta daɗe tana cewa a auna kowane soja aƙalla sau ɗaya a wata shida. Bari in shimfiɗa yadda abin ya kasance a ƙarƙashin gyaran da aka yi mata a 2023, sannan mu yi muhawara.

Mataki na farko sikeli ne. Soja zai zo da kayan motsa jiki, ya cire takalmi ya bar safa, a auna tsawonsa yana tsaye cak, a auna nauyinsa. Akwai jadawali mai haɗa tsawo da shekaru da jinsi. Namiji mai tsawon inci 70, wato santimita 178, ɗan shekara 21 zuwa 27, iyakarsa laba 185, kusan kilo 84. In ya kai 28 zuwa 39, laba 189. Wanda bai wuce iyaka ba ya kama gabansa. Wanda ya wuce bai faɗi ba tukuna, sai dai a kai shi wurin tef ɗin awo a ƙiyasta kitsen jikinsa. Iyakar kitse ga maza: kashi 20 cikin ɗari daga shekara 17 zuwa 20, kashi 22 daga 21 zuwa 27, kashi 24 daga 28 zuwa 39, kashi 26 daga 40 zuwa sama. Mata kuwa 30, 32, 34, 36 bisa wannan jerin shekarun. Tef ɗin ne ke yanke hukunci, ba sikeli ba, kuma a nan rigimar take.

Kocin Bariki: Wa'alaikumus salam Baba. Rigimar kuwa tana da tushe. Tef ba ya ganin kitse, kauri yake gani. Sojan da ke ɗaga ƙarfe mai nauyi, tsokar cikinsa da ta gadon bayansa suna kumbura, ƙugunsa ya ƙaru ba tare da teɓa ba. A zo a naɗa masa tef a ce ya yi ƙiba, alhali shi ne zai ɗauko abokinsa da aka harba da kayansa duka ya fito da shi. A ganina wanda ya ci jarrabawar motsa jiki da kyau, a bar masa jikinsa.

Mai Lissafi: Malam Koci, kafin mu yanke, mu duba abin da lissafin yake yi. Tsarin da aka fara a watan Yuni 2023 wuri ɗaya ake aunawa, daidai cibiya, maza da mata. Na namiji: a ninka kewayen ciki a inci da 1.99, a cire nauyinsa a laba da aka ninka da 0.12, a sake cire 26.97. Abin da ya saura shi ne kason kitse.

Ga namiji ɗan shekara 25, nauyi laba 200, kusan kilo 91, ciki inci 36. Ciki ya ba da 71.64, a cire 24, a cire 26.97, saura 20.67, a cike shi ya zama 21. Ya tsira, tunda iyakarsa 22. Shi ɗin dai, in ciki ya zama inci 37, lissafi ya koma 22.66, wato 23. Ya faɗi. Ke nan inci ɗaya na ciki yana ɗaukar kusan kashi biyu.

To ga inda nake so ka lura. Ciki inci 37 ɗin nan, in mutumin laba 220 ne, lissafi zai ba da 20.26, wato 20. Ya wuce lafiya. Wanda ya fi nauyi a kan ƙugu iri ɗaya shi ne lissafin ke sassauta wa, domin an ɗauka ƙarin nauyin da bai zauna a ciki ba tsoka ce da ƙashi. Saboda haka mai ɗaga ƙarfe ba shi ne babban wanda tsarin ke kamawa ba. Wanda yake kamawa shi ne siririn hannu da ƙafa mai tumbi, in har sikeli ya tura shi wurin tef.

Kocin Bariki: Na ga wannan. Amma tsawo fa? Ba ka ambaci tsawo a lissafin ba.

Mai Lissafi: Babu shi a ciki sam. Tsawo yana aiki a jadawalin farko kawai. A lissafin tef nauyi ne ke tsaya masa, tunda dogo yawanci ya fi nauyi. Amma tsayawar ba cikakkiya ba ce, kuma wannan gurbi ne na gaske a tsarin.

Ɗan Bincike: Ya kamata a tuna abin da aka baro kafin a soki na 2023. Tsohon tsarin ya samo asali daga aikin Hodgdon da Beckett a cibiyar binciken lafiya ta sojan ruwa da ke San Diego a 1984. Namiji ana auna masa wuya da ciki, a cire wuya daga ciki, a haɗa da tsawo. Mace ana auna wuya, da ƙugu inda ya fi tsukewa, da ɗuwawu inda ya fi faɗi. Matsalarsa wuya ce. Namiji mai tsawon inci 70 da ciki 37: in wuyansa inci 15 ne, lissafi ya ce kitsensa kashi 23, in 16 ne, kashi 21, in 17 da rabi ne, kashi 18. Ciki ɗaya, tsawo ɗaya, amma kashi biyar tsakani. Mutum mai ƙiba sosai wuyansa ma yana tara kitse, sai kitsen wuyan ya zame masa garkuwa. Shi ya sa sojoji suka riƙa motsa jikin kumbura wuya ana gobe awo, wasu su ɗage kafaɗa su tura haɓa ƙasa lokacin da ake naɗa tef.

Cibiyar binciken lafiyar sojan ƙasa da ke Natick a jihar Massachusetts ta auna sojoji fiye da 2,600 tsakanin 2021 da 2022, ta kwatanta tef da na'urori. Abin da ya fito ya saɓa wa abin da ake faɗa a bariki. Tsohon tef ɗin yana kuskure da yawa, amma mafi yawan kuskurensa sassauci ne: yana tsirar da waɗanda na'ura za ta kayar fiye da yadda yake kayar da waɗanda na'ura za ta tsirar. Daga wannan binciken aka fitar da lissafin cibiya, kuma daga shi aka fitar da sassaucin da Malam Koci yake nema. A watan Maris 2023 aka ce sojan da ya sami maki 540 cikin 600 a jarrabawar motsa jiki, ba tare da ya gaza 80 a kowane fanni ba, ba za a auna masa kitse ba. Da aka rage fannonin daga shida suka koma biyar a 2025, aka mayar da makin 465 cikin 500. Rundunar Marin, wato sojan kundumbala na ruwa, ma a lokacin suna da irinsa, maki 285 a jarrabawarsu biyu.

Kocin Bariki: To madalla da wannan, amma 540 ba ƙaramin maki ba ne. Akwai ɗimbin sojoji masu aiki tuƙuru da ke tsakanin 480 da 530. Su an bar su a hannun mai tef.

Baba Saje: Ka taɓo inda ya dace, hannun mai tef. Ni a wurina lissafin ba shi ne ke cutar soja ba, wanda ke riƙe da tef ɗin ne. Doka ta fayyace komai. Tef ya zama wanda ba ya miƙewa, an fi son na faiba, ba na yadi ba, ba na ƙarfe ba, domin na yadi yana saki da tsufa, na ƙarfe kuma ba ya kwanciya a jiki. Mutum biyu ne ke aikin, ɗaya ya naɗa ya karanta, ɗaya ya duba ta gefe ko tef ya kwanta daidai da ƙasa, shi ne kuma mai rubutawa. Namiji ke auna namiji, mace ta auna mace. Tef a kan fata, ba a kan riga ba. Soja ya saki hannuwa a gefe, a karanta bayan ya fitar da numfashi yadda ya saba, ba ya tsotse ciki ba, ba kuma ya tura shi ba. A auna sau uku, kowanne a sauke shi zuwa rabin inci na ƙasa, a ɗauki matsakaici. In awon ya bambanta da fiye da inci ɗaya, a ƙara. A rubuta a fom 5500 na maza ko 5501 na mata.

Yanzu ga abin da ke ɓaci. Tef ya zame ta baya ya hau saman ɗuwawu, an ƙara inci. Mai awo ya matse tef har ya nutse a fata don ya taimaki abokinsa, an rage inci. An yi awo bayan an ci abinci an ƙoshi. Sikeli ya shekara biyu ba a daidaita shi ba, ko an ɗora shi a kan kafet. An rubuta tsawo daga tsohon fayil ba a sake aunawa ba. Mai Lissafi ya nuna mana inci ɗaya kashi biyu ne. To kashi biyun nan su ne tsakanin ƙarin girma da takardar sallama. Kwamandan da zai ɗauko kofur biyu da safe ya miƙa musu tef ba tare da an horar da su ba, shi ya karya dokar kafin sojan da ake aunawa.

Uwar Biyu: Baba, ka bar ni in shiga ta ɓangaren mata. Tsohon tsarin da ke sa ɗuwawu a lissafi ya daɗe yana shan suka, musamman daga mata baƙaƙe da 'yan asalin Latin, domin faɗin wurin nan halitta ce ta ƙashi da tsoka, kuma kitsen da ke can ba shi ne mai jawo ciwon suga da hawan jini ba. Mace na iya gudu ta wuce maza, amma babu motsa jikin da zai rage mata faɗin ƙashin ƙugu. Cire shi daga lissafi daidai ne.

Na mata a tsarin 2023: ciki sau 1.27, a cire nauyi sau 0.015, a cire 9.15. Mace 'yar shekara 24 mai laba 160 da ciki inci 34, lissafi ya ba da 31.63, wato 32, ta tsira a bakin iyaka. In 35 ne, 32.9, ta faɗi. Ku lura nauyi kusan ba ya yi wa mace komai a nan: ƙarin laba 20 na tsoka ba ya rage mata ko rabin kashi, alhali namiji yana rage masa kashi biyu da ɗoriya. Mace mai ƙarfi ba ta samu rangwamen da namiji mai ƙarfi ya samu ba. Ga kuma cibiya. Cikin mace yana kumbura kafin al'ada, kuma bayan haihuwa tsokar ciki kan rabu biyu ta bar ciki a gaba ko da babu kitse. A 2021 aka tsawaita lokacin da ake ɗaga wa mai jego ƙafa daga kwana 180 zuwa kwana 365, wanda ya fi kusa da gaskiyar jiki, balle ga mai shayarwa ko wadda aka yi wa tiyata.

Mai Lissafi: Hajiya, lissafinki daidai ne. Laba 20 sau 0.015 kashi 0.3 ne kacal.

Ɗan Bincike: Shi ya sa ƙofar ɗaukaka ƙara take da muhimmanci. A tsarin 2023, wanda tef ya kayar yana iya neman a sake auna shi da na'ura in akwai ta a kusa. Uku aka amince da su: DXA, wadda ke ratsa jiki da ɗan hasken hoton ƙashi ta raba ƙashi da tsoka da kitse, Bod Pod, akwatin da mutum ke zama a ciki a gano girman jikinsa daga iskar da ya ture, da InBody 770, wadda ke tura ƙaramar wutar lantarki ta jiki. Rundunar Marin sun fi tsaurara wannan: tun farkon 2023 ba a sa mutum a shirin rage ƙiba sai na'ura ta tabbatar da abin da tef ya ce. Sai dai soja ya shiga da idonsa a buɗe. Na'ura ba ta san abota ba, kuma sau da yawa lambarta ta fi ta tef yawa. Mai aiki da lantarki kuma ruwan jiki take bi, saboda haka wanda ya busar da kansa kafin ya hau, kitsensa zai fito fiye da yadda yake.

Likitar Abinci: Wannan busar da kai shi ne abin da ya fi damuna a dukkan maganar. Awon da ake yi sau biyu a shekara, a sanar da ranarsa, kuma aikin mutum ya rataya a kai, yana koya wa soja ya yi wa jikinsa ta'adi na mako guda. A daina shan ruwa, a shiga ɗakin zufa, a naɗe ciki da leda a shafa mai, a sha maganin fitsari ko na gudawa, a yi gudu cikin rigar roba. Duk abin da ke fita ruwa ne, ba kitse ba, kuma kwana biyu zai dawo.

Ga illar. Mutum in ya rasa ruwan da ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, ƙarfinsa da natsuwarsa sun fara raguwa. Maganin fitsari yana zubar da sinadarin fotashiyam, wanda bugun zuciya ke dogaro da shi. In aka haɗa rashin ruwa da gudu mai tsanani cikin zafi, tsoka kan narke ta zuba cikin jini ta toshe ƙoda. Alamarta ciwon tsoka mai tsanani da fitsari mai duhu kamar ruwan shayi, kuma wannan na asibiti ne nan take. Mu da muka san sikila sai mu ƙara lura: wani bincike da aka buga a 2016 a kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan dubu 48 ya nuna masu jinin AS sun fi sauran faɗawa wannan narkewar tsoka. AS ba ciwo ba ne, kuma ba ya hana aikin soja, amma mai shi ba ya wasa da ƙishirwa. Ga kuma magungunan ƙona kitse na kasuwa. A ƙarshen 2011 ma'aikatar tsaro ta kwashe masu sinadarin DMAA daga shagunan bariki bayan mutuwar wasu sojoji, a 2013 kuma aka danganta wani maganin rage ƙiba da ɓarkewar ciwon hanta a Hawaii.

Mai Lissafi: Hajiya Likita, ƙari a kan haka, a lissafin 2023 busar da kai yana iya juyowa kan namiji. In ya zubar da laba 8 na ruwa amma cikinsa bai ragu ba, ya ƙara wa kansa kusan kashi ɗaya. Dabarar tana aiki ne kawai ga wanda ke gab da iyakar sikeli yana so ya kauce wa tef gaba ɗaya.

Baba Saje: Dokar ma ta san da haka. Ta shawarci kwamandoji su bar aƙalla kwana bakwai tsakanin jarrabawar motsa jiki da ranar awo, don kada soja ya yi gudun mil biyu da busasshen jiki. Inda ake haɗa su a safiya ɗaya don a huta da aiki, nan ake ɗaukar mutane a sume.

Bari in faɗi abin da ke biyo bayan faɗuwa, domin mutane suna zaton kora ce kai tsaye. Kwamanda yana da kwana uku na aiki ya sa wa soja takunkumi a fayil, sannan ya sanar da shi a rubuce. Muddin takunkumin yana nan, babu ƙarin girma, babu zuwa kwas, babu riƙe kwamanda, babu sabunta kwantiragi. Cikin kwana 14 soja ya kawo tsarin da zai bi a rubuce, cikin kwana 30 ya ga masanin abinci ko ma'aikacin lafiya. Daga nan awo kowane wata. Abin da ake nema a wata shi ne ya rage laba 3 zuwa 8, wato kilo ɗaya da rabi zuwa uku da rabi, ko kashi ɗaya na kitse. In ya gaza wata biyu a jere, ko aka yi wata shida bai kai iyaka ba kuma a ciki ya gaza wata uku, an ce ya faɗi shirin. Likita zai duba ko akwai ciwon da ke jawo ƙibar; in babu, sai a fara takardun sallama ko a hana shi sabunta aiki. Wanda ya fita daga shirin ya sake wuce iyaka cikin wata 12, sallama ake nufa da shi. In tsakanin wata 12 da 36 ne, ana ba shi kwana 90. Kuma fita daga shirin da kason kitse ake yi, ba da lambar sikeli ba.

Kocin Bariki: Baba, a takarda wannan adalci ne. Amma abin da ake yi da mutum a cikin watannin nan shi ne matsalar. Galibi sai a tara su a ce ƙarin gudu da yamma. Mutum mai kilo 105 da bai saba ba, ka ƙara masa kilomita biyar kullum a kan kwalta, cikin mako uku ƙaurinsa ya tsage ko gwiwa ta kumbura, likita ya hana shi motsi, ya ƙara ƙiba. Abin da ke aiki: ɗaga ƙarfe sau uku a mako don riƙe tsoka, tafiya mai sauri ko keke ko ninƙaya minti 30 zuwa 45 a sauran ranaku, gudu kuma a riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan. Motsa ciki sau ɗari biyu ba ya cire teɓa daga cibiya. Kitse daga jiki duka yake raguwa.

Likitar Abinci: Kuma rabon da ya fi girma yana cikin kwano. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne. In soja ya rage kalori 500 a rana daga abin da jikinsa ke ƙonawa, zai zubar da kusan rabin kilo a mako, kilo biyu a wata, wato laba 4 da 'yan kai. Wannan ya shiga cikin abin da doka ke nema ba tare da yunwa ba. Kalori 500 ba wani abu ba ne mai nisa: kwalba biyu ta lemon zaƙi mai rabin lita sun kusa kai shi. Furotin ya kai giram 1.6 ko fiye ga kowane kilo na nauyi, daga nama, kifi, ƙwai, wake, madara, domin in aka rage abinci ba furotin, tsoka ce ke tafiya, kuma mun ga abin da hakan ke yi wa lissafin namiji.

Sai barci. Sojan da ke gadi da dare, yana samun awa biyar, yana shan abin sha mai ƙara kuzari don ya tsaya, yunwarsa tana ƙaruwa, kuma zaƙi yake nema. In kantin abinci na bariki ya rufe kafin ya sauka daga aiki, abin da ya rage masa soyayyen kanti ne. Ba a sallami mutum a kan tumbi ba tare da an duba jadawalin da aka ɗora shi a kai ba. A duba lafiya tun farko, ba sai ana shirin kora ba: raunin ƙwayar tayroid da ke wuya, ciwon ƙwan mace da ke rikita al'ada ya kawo ƙiba, toshewar numfashi cikin barci, da magunguna irin su furednisolon da wasu na damuwa. In likita ya tabbatar ciwo ne na ɗan lokaci, ana ba soja wata shida, ana iya ƙarawa zuwa shekara, ba a lissafa masa gazawa a ciki.

Ɗan Bincike: Akwai dalilin da ya sa rundunar ba ta son kora da yawa. Ƙididdigar ma'aikatar tsaro ta 2020 ta nuna kashi 77 cikin ɗari na matasan Amurka 'yan 17 zuwa 24 ba za su iya shiga soja ba sai da rangwame, kuma ƙiba na cikin manyan dalilai. Shi ya sa a Agusta 2022 aka buɗe kwas na share fage a barikin Fort Jackson, inda ake ɗaukar masu ƙiba har kwana 90 su rage kafin horon kurtu. Rahoton ƙungiyar bincike ta American Security Project na 2023 kuma ya ce kashi 68 na sojojin da ke bakin aiki sun wuce nauyin da ya dace bisa ma'aunin nauyi da tsawo.

Kocin Bariki: Wannan 68 ɗin a yi hankali da shi. Ma'aunin nauyi da tsawo ba ya raba tsoka da kitse. Namiji mai santimita 178 da ya wuce kilo 79 ya riga ya shiga ciki, ko da cikinsa a shafe yake.

Ɗan Bincike: Gaskiya ne ga rukunin farko. Amma waɗanda suka kai matakin ƙiba mai tsanani sun haura kashi 20, kuma a wannan matakin da wuya a ce tsoka ce kaɗai. Kitsen ciki yana tafiya da raunin gwiwa da baya, da bugun zafi, da hawan jini, kuma kowanne yana cire soja daga fagen aiki.

Uwar Biyu: To wane awo ne ya fi kusa da adalci?

Mai Lissafi: A ganina na sojan sama, wanda suka fara a Afrilu 2023, kuma shi ne alƙiblar da ma'aikatar tsaro ta nuna wa sauran rundunoni bayan taron Quantico. A raba kewayen ƙugu da tsawo; in ya kai 0.55 an wuce iyaka. Mai tsawon inci 70 iyakarsa inci 38 da rabi, kusan santimita 98. Ba ya ƙaryar cewa ya san kason kitse, haɗarin tumbi kawai yake aunawa, kuma tsawo yana ciki, wanda ya toshe gurbin da Malam Koci ya gano. Kowa kuma zai iya duba kansa a gida. Hukumar NICE mai ba da shawarar lafiya a Ingila ma shawararta ga kowa ita ce ƙugu kada ya kai rabin tsawo.

Baba Saje: Na yarda ya fi sauƙi, amma har yanzu tef ne a hannun mutum. Kuma wurin awon ya bambanta: sojan sama a tsakiyar haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu suke naɗawa, ba a cibiya ba. Mai awo sai ya laluba ƙasusuwan biyu da yatsa ya sa alama, abin da ke da wuya a jikin mai teɓa. Wanda ya saba da cibiya in aka ba shi sabon tsari ba a sake horar da shi ba, zai iya kuskuren inci guda ko fiye, musamman a jikin mace, inda wuraren biyu suka fi nisa da juna.

Likitar Abinci: Abin da zan roƙa a ƙara, Baba, awo ne na tsakani wanda ba ya shiga fayil. Duk wata biyu saje ya auna mutanensa, wanda ya haura 0.50 a haɗa shi da masanin abinci tun yana da sauran inci uku kafin iyaka. Rage inci ɗaya a wata biyu abu ne mai sauƙi. Rage inci uku a kwana goma shi ne ke kai mutane ɗakin zufa.

Kocin Bariki: Da sharaɗin a auna hafsoshi a layi ɗaya da kurata, da tef ɗaya, a gaban shaida ɗaya. In kyaftin yana aiko da lambarsa a takarda daga ofis, kofur ba zai ɗauki awon da muhimmanci ba.

Baba Saje: Dokar ba ta ware muƙami ba, Malam Koci, kuma ta ba kwamanda ikon ya sa a auna duk wanda ya ga alamar ya wuce ko da sikeli ya tsirar da shi. Ga sojan da za a auna kuwa: ya zo da safe kafin karin kumallo, ya sha ruwansa yadda ya saba, ya tabbatar an sake auna tsawonsa, ya duba awo ukun da aka rubuta kafin a rufe fom, in ya faɗi kuma ya nemi awon na'ura a take kada ya bari lokacin nema ya wuce.